Daga Haraji Zuwa Kason Wata: Gwagwarmayar Talakan Ƙasar Zazzau da Cin Hanci da Ƙabilanci

Gabatarwa

Nasarawan Doya gari ne na manoma a Ƙaramar Hukumar Makarfi, a arewacin Jihar Kaduna, cikin masarautar Zazzau. Kamar sauran garuruwan Makarfi da Ikara da Kudan, rayuwar mutanensa ta dogara ne a kan noman damina da na fadama, musamman rake da masara da tumatir. Hausawa da Fulani su ne mafi yawan mazauna yankin, akwai Maguzawa da Hausawa Kiristoci a wasu ƙauyuka, ga kuma baƙi 'yan kudu waɗanda fatauci ya kawo. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a dubi yadda talakan irin wannan yanki ya yi fama da cuta biyu, wato cin hanci na mahukunta da rarrabuwar kai ta ƙabila da addini. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa cutocin nan tare suke tafiya, domin duk sa'ad da talakawa suka tambayi inda dukiyarsu ta shiga, amsar da aka saba ba su ita ce a tuna musu da bambancin da ke tsakaninsu.

Asalin Koke: Haraji da Jangali

Koken talaka a kan mahukunta ya girmi zuwan Turawa. A cikin Kitab al-Farq, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali da gaisuwar da ake kai wa sarakuna cikin halayen mulkin da ya yi tir da su. Da Turawa suka ci ƙasar Zazzau a farkon ƙarni na 20, sai suka riƙe sarauta suka mayar da ita En'e, suka damƙa mata baitulmali da kotunan alƙalai da 'yan doka da gidan yari.

Yadda ake karɓar haraji shi ne, mai unguwa da dagaci su ƙidaya mazan da suka isa biya, hakimi ya tattara kuɗin ya kai baitulmali a Zariya. Jangali kuwa a kan kowace saniya ake yanka shi. A kowane mataki akwai kafar cuta. Akan karɓi kuɗi ba rasit, a komo a sake nema. Akan rubuta yaron da bai balaga ba. Akan sa talakawa aikin gayya a gandun mai sarauta alhali nasu gonakin na jiran noma. Wanda ya kai ƙara kuwa, alƙalin da zai saurare shi ma'aikacin En'en ne. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Zazzau a 1949 da 1950, ya rubuta bayanin irin waɗannan hanyoyi na tatsar manoma. A watan Agusta na 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da kansa ya tashi a Majalisar Jihar Arewa ya nemi a gyara tsarin En'e, ya kuma ambaci cin hanci cikin manyan aibobinta.

Abin lura a nan shi ne, wannan masaki bai zaɓi wuyan da zai hau ba. Bahaushe Musulmi yana biya, Bamaguje yana biya, Bafillace yana gudu da shanunsa daji, mutanen kudancin Lardin Zazzau su ma suna biya ga hakiman da aka turo musu daga birni. Ciwo ɗaya ne ke cin kowa, saboda haka ya yiwu a nemi magani ɗaya.

Jam'iyyar Neman Sawaba

A ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda talakawa suka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Daga baya Malam Aminu Kano ya zama shugabanta. Tunanin da ta ginu a kai yana da saiwa a Zariya, domin a can ne Malam Sa'adu Zungur ya kafa ƙungiyar wayar da kai tun wajen farkon shekarun 1940. Cikin mutum takwas ɗin nan akwai Bello Ijumu, Bayarabe daga Lardin Kabba. Wato tun ranar haihuwarta jam'iyyar ba ta ƙabila ɗaya ba ce. A ganinta, kashi biyu ne kawai a ƙasa, masu danniya da waɗanda ake dannewa.

Aikin 'yan NEPU a karkara ba mai wuyar fahimta ba ne. Suna bi kasuwa-kasuwa suna lacca, suna gaya wa manomi ya nemi rasit in ya biya haraji, ya ƙi aikin tilas, ya ɗaukaka ƙara in alƙali ya zalunce shi. Sakamakon da suka samu shi ne ɗauri da bulala da kora daga gari. A zaɓen 1951 sun yi nasara a matakan farko a Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e tana da ikon cusa mutanenta a matakin ƙarshe, sai nasarar ta bi ruwa.

Da NEPU ta ƙulla ƙawance da jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, sai abokan hamayyarta suka sami sandar duka. Maimakon a amsa tambayar haraji, sai aka riƙa ce wa talakawa 'yan Sawaba sun sayar da Arewa ga 'yan kudu, kuma marasa kunya ne masu raina manya da addini. Duk da haka jam'iyyar ba ta janye hannunta ba. Ta ci kujeru 8 a Majalisar Tarayya a 1959, sannan gabanin zaɓen 1964 ta haɗa gwiwa da jam'iyyar UMBC ta Joseph Tarka, mai magana da yawun ƙananan ƙabilun tsakiyar Nijeriya.

A ƙasar Zazzau babu wanda rayuwarsa ta fassara wannan aƙida kamar Hajiya Gambo Sawaba (1933–2001). Mahaifinta mutumin Gana ne, mahaifiyarta Banufiya, ita kuwa ta tashi a Zariya tana Bahaushiyar harshe da al'ada. Ta shiga NEPU tana da shekara 17, ta shugabanci matan jam'iyyar, ta je har Abekuta ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan Egba a kan haraji. Masu tarihinta sun ƙidaya ɗauri 16 da ta sha. Ta yi ta neman a ba matan Arewa ikon jefa ƙuri'a, abin da bai tabbata ba sai a 1976. Yau babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya sunanta yake amsawa.

Gwamnatin PRP a Kaduna

Sojoji sun rushe jam'iyyu a 1966. A shekarun da suka biyo baya aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran 1976 ya kafa ƙananan hukumomi, ciki har da ta Ikara. Daga baya Makarfi da Kudan suka sami nasu. Da aka koma siyasa, sai tsofaffin 'yan NEPU suka taru a jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi, wadda sakatarenta na ƙasa, S. G. Ikoku, Ibo ne. A 1979 ta ci gwamna a Kano da Kaduna.

Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, mutumin Kaya a ƙasar Zazzau, ya hau mulkin Kaduna ranar 1 ga Oktoba, 1979. Shi da takwaransa na Kano, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, suka ba da sanarwar soke haraji da jangali, wato buƙatar da aka shekara kusan 30 ana shan ɗauri a kanta. Gwamnatinsa ta kuma kafa hukumar binciken filaye domin sauraron manoman da aka ƙwace wa gonaki. Amma jam'iyyar NPN ce ke da rinjaye a majalisar jiha. Ta ƙi amincewa da kwamishinonin da ya gabatar, har ya yi mulkinsa duka babu majalisar zartarwa. A ranar 23 ga Yuni, 1981, majalisar ta tsige shi, ya zama gwamna na farko da aka tsige a tarihin Nijeriya. Kafin nan PRP kanta ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ba a gama ɗinke ɓarakar ba.

Bayan Haraji

Soke haraji ya sauke wa talaka kaya, amma ya zo daidai da wani sauyi da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Tun daga shekarun 1970 kuɗin man fetur ne ke riƙe da gwamnati. A dā manomin Nasarawan Doya da hannunsa yake ƙirga sulallan da zai ba dagaci, don haka in an cuce shi ya san ranar, ya san adadin, ya san mutumin. Yanzu kuwa kason wata daga asusun tarayya yake fitowa ya bi ta jiha ya isa ƙaramar hukuma, talaka bai ga shigarsa ba balle fitarsa. Abin da yake gani kawai shi ne takin zamanin da bai iso ba, da ajin da ba rufi, da asibitin da ba magani. Ɓarawon da ba a gani ba kuwa, da sauƙi a ɗora laifinsa a kan maƙwabci.

A cikin wannan hali ne rikice-rikice suka yi ta ɓarkewa a jihar. Na Kafanchan a watan Maris na 1987 ya bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa. Na Zangon Kataf a 1992 a kan sauya wa kasuwa wuri ya faro. Na shari'a a watan Fabrairu na 2000 ya ci rayuka masu yawan gaske, ya raba garin Kaduna biyu, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kiristoci a kudancinsa. Ba za a musa cewa akwai tsofaffin koke-koke na gaskiya a kan sarauta da filaye ba. Sai dai a kowane karo talaka ne ya mutu, rumfar talaka ce ta ƙone, kuma muddin ana zaman makoki ba mai tambayar lissafin baitulmali.

Masu Ɗinkin Ɓaraka

Duk da haka ba a rasa waɗanda suka ƙi wannan rabo ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye a dā jagororin matasa ne masu gaba da juna a Kaduna. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, suka kafa cibiyar sasanta Musulmi da Kirista. Da ƙoƙarinsu ne shugabannin addini 22 suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna ranar 22 ga Agusta, 2002. Gwamnan lokacin, Alhaji Ahmed Muhammad Makarfi, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, ɗan wannan yanki ne. Gwamnatinsa ta ƙirƙiro masarautu ga ƙabilun kudancin jihar, ta kuma tanadi kotunan shari'a da na al'ada gwargwadon mazauna kowane wuri. A watan Janairu na 2012, lokacin zanga-zangar janye tallafin mai, an ga Kiristoci sun kewaye Musulmi suna gadinsu har suka idar da salla. Tsadar mai, kamar haraji, ba ta tambayi addinin kowa ba.

Wannan al'amari bai tsaya ga Nijeriya ba. A ƙasar Maleshiya, inda Malayawa da 'yan asalin Sin da na Indiya ke zaune tare, ƙungiyar Bersih ta fara fitowa titi a 2007 tana neman zaɓe mai tsabta. Masu mulki sun yi ta nuna wa Malayawa cewa tafiyar makirci ce ta wasu jinsuna. Amma da badaƙalar asusun 1MDB ta fito fili, sai jama'a suka kayar da ƙawancen da ke mulki tun samun 'yancin kai a zaɓen 2018, kuma a 2022 tsohon Firayim Minista Najib Razak ya shiga kurkuku.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa talakan ƙasar Zazzau ya ci nasara ne a lokacin da buƙatarsa ta kasance guda ɗaya, bayyananniya, wadda ta shafi kowa, kamar rasit ɗin haraji. Ya sha kaye kuwa a lokacin da aka juya masa tambayar, daga "ina kuɗin?" zuwa "ɗan wace ƙabila ne?" A yau yana da makaman da 'yan Sawaba ba su samu ba. Akwai hukumar ICPC tun 2000, da EFCC tun 2003. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa ikon neman takardun hukuma a rubuce. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Amma doka ba ta tashi da kanta ta je sakatariya. Sai manomin rake da makiyayi da ɗan tireda, na masallaci da na coci, sun tafi tare sun tambayi nawa ya shigo Makarfi a wannan wata, kuma me aka yi da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.