Rikitattun Kalmomin Ingilishi da Ɗalibi Bahaushe

Ɗalibai da dama sukan ɗauka cewa faɗaɗa sanin Ingilishi bai wuce haddace manyan kalmomi daga ƙamus ba. Amma idan aka duba aikin fassara, za a tarar ba manyan kalmomin ne suka fi kayar da ɗalibi ba, sai ƙananan da yake ganin ya daɗe da saninsu. Dalili kuwa shi ne, kowane harshe da inda yake shata iyakar ma'ana, kuma iyakokin Hausa da na Ingilishi ba kasafai suke dacewa ba.

A ɗauki borrow da lend alal misali. Bahaushe tushe ɗaya gare shi: ya ari littafi, ya ara wa Audu littafi. Sigar aikatau ita ke nuna mai karɓa da mai bayarwa, irin bambancin nan da F. W. Parsons ya tsara cikin rabe-raben aikatau a 1960. Ingilishi kuwa kalmomi biyu ya ware, borrow ga mai karɓa, lend ga mai bayarwa. Wanda bai lura ba sai a ji ya ce "borrow me your pen", alhali lend yake nufi. Abin sha'awa, Hausa ma ta raba inda Ingilishi ya haɗe. Aro shi ne abin da za a mayar da shi kansa, kamar fartanya ko riga. Rance kuwa kuɗi ne ko hatsi, wanda madadinsa za a biya. Ga Bature duk borrow ne. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin tafintan da ya musanya kalmomin nan biyu a gaban alƙali ya mai da mai bin bashi wanda ake bi.

Haka kalmar ji take. Da ita ake jin magana, a ji wari, a ji sanyi, a ji Larabci, amma Ingilishi na bukatar hear, smell, feel da understand, kowace a muhallinta.

Sa'an nan akwai rikicin da ya samo asali daga tarihin Ingilishin kansa. Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, Latin kuwa na coci da ilimi. Saboda haka sau da yawa abu ɗaya yakan sami kalmomi uku: ask ta gado, question daga Faransanci, interrogate daga Latin. Bai kamata wannan ya ba Bahaushe mamaki ba, tun da ya san jaki mutuwa yake yi, mutum ya rasu, babban malami kuwa ya yi wafati. Ma'ana ɗaya ce, matsayi daban. Ɗalibi ask yake yi wa malaminsa. Interrogate aikin ɗan sanda ne da wanda ake tuhuma.

A nan ne littafin Roget, wanda aka fara bugawa a 1852, yake zama tarko ga mai gaggawa. Yana jera kalmomi masu makusanciyar ma'ana ba tare da ya faɗi inda kowace ta dace ba, sai ɗalibi ya zaɓi mafi tsawo don burgewa. Ƙamusun A. S. Hornby, wanda Oxford ta buga a 1948 domin masu koyon Ingilishi, ya fi amfani, saboda yana kawo kalma cikin jimla, tare da ƙananan kalmomin da take tafiya da su.

Tagwayen da suka yi kama a rubutu, irin su advice da advise, ko principal da principle, sun fi sauƙin magani. Advice suna ce, advise aikatau. Principal shugaban makaranta ne, principle kuwa ƙa'ida. Su waɗannan ko 'ya'yan Turawa sai sun haddace su.