Kiwon Uwar Kwamfutoci

Ni mutumin Garam ne, maƙwabcin Bwari, inda hedkwatar hukumar JAMB take. Tun 2015 hukumar nan ta bar takarda da fensir, duk mai neman shiga jami'a da kwamfuta yake yin jarrabawarta. To, kwamfutocin nan suna da uwa, watau babbar na'ura wadda ke raba musu tambayoyi, ta karɓi amsoshi. Ita nake so mu duba, 'yan'uwana malamai.

Na koyi kiwon irinta a ɗakin kwamfuta na makarantarmu. Kowace safiya, kamar yadda muke kiran suna a aji, nakan duba abu huɗu: nauyin aikin da ke kan ƙwaƙwalwarta, da sauran wuri a rumbunta, da saurin layin da ya haɗa ta da 'ya'yanta, da kuma zafin jikinta. Sa'an nan in rubuta a littafi. Wanda bai san lafiyarta ba, ina zai gane ciwonta?

In ta soma nawa, ba na gaggawar kashe ta. Sai in buɗe rajistar da take ajiyewa da kanta, in tambaya: me aka sauya jiya? Sau da yawa nan cutar take.

Ga misali. A watan Mayu 2025 JAMB ta amsa cewa wani gyaran manhaja bai isa ga waɗansu uwayen ba, a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas. Ɗalibai 379,997 aka kira su sake jarrabawa. Ku dubi wahalar yaran nan da ta iyayensu!

Saboda haka, in kun yi gyara, ku bi kowace na'ura ku gwada ta tun yara ba su zauna ba. Rigakafi ya fi magani.