Shan Ruwan Maiduguri da Jarrabawar Labarin Ƙasa

Duk mai azumi a unguwar Giginyu ta Kano ya san mutanen Maiduguri suna riga Kanawa shan ruwa, Kanawa kuma su riga Sakkwatawa. Wannan abin da yaro ya taso yana ji a rediyo, tambaya ce sukutum a jarrabawar labarin ƙasa ta JAMB. Duniya tana juya digiri 15 a awa ɗaya, kowane digiri minti huɗu ke nan. Maiduguri tana wajen digiri 13 gabas, Kano 8 da rabi, Sakkwato ta ɗan haura 5. Tazarar Maiduguri da Sakkwato kusan digiri takwas ce. A ninka sau huɗu, sai ga rabin awa da 'yan kai. Ɗalibin da ya fahimci lissafin ta wannan hanya, da wuya ya rikice a kan wa ke gaba, wa ke baya.

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta tun 2015. Darussa huɗu ne: Turanci mai tambaya 60, sauran ukun 40 kowanne, jimillar maki 400. Tambaya 180 cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace ɗaya. Mai labarin ƙasa ya fi wasu jin wannan matsin, domin tambayoyinsa sukan zo da zane da alƙaluma.

A nan ne hadda take ba da kunya. Ɗaliban Kano gwanaye ne wajen hadda, ba abin mamaki ba ne ga wanda ya fito daga makarantar allo da Islamiyya. Sai dai sunayen koguna da duwatsu kawai ake iya haddacewa. Karatun taswira, wanda manhajar JAMB ta sa a sahun farko, hannu yake so. A taswira mai sikeli 1:50,000, santimita biyu kilomita ɗaya ce a ƙasa, don haka hanyar da ta auna santimita tara kilomita huɗu da rabi ce. Layukan da ke nuna tsayin ƙasa idan suka matse, hawan yana da tsauri. Idan suka warwatsu, fili ne. Wanda ya taɓa hawa Dala ko Gwauron Dutse ya riga ya ji matsewar layukan nan a gwiwoyinsa, saura ya gane su a takarda.

Sauran manhajar ma yawancinta yana bakin ƙofa. Ƙurar hunturu da ke fasa leɓe a watan Janairu busasshiyar iskar arewa maso gabas ce daga Sahara. Ruwan Agusta kuwa iskar kudu maso yamma ce ke ɗauko shi daga tekun Atlantika. In an tambayi noman rani, ga madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, tana shayar da gonakin Kadawa da Kura. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ruwansu ya nufi tafkin Chadi, bai san hanyar teku ba. Masu saurin zaɓar amsa sukan ɗauka duk kogin Najeriya a kogin Neja yake ƙarewa, su yi asarar maki a banza. Batun sufuri da kasuwanci kuwa, layin dogo da ya iso Kano a 1911 shi ya buɗe wa gyaɗa hanyar Legas, dalar gyaɗa ta biyo baya. Masana'antu suna Bompai da Sharaɗa. Hatta sunan unguwar Giginyu darasi ne: giginyu jam'in giginya ne, amma yau gidaje ne da shaguna da Asibitin Ƙwararru na Muhammadu Buhari. Faɗaɗar birni ke nan, babi guda a manhaja.

Littafin tambayoyin shekarun baya yana da amfani, matuƙar ba amsoshin ake haddacewa ba. Malaman lesin nagari sukan sa ɗalibi ya faɗi abin da ya sa sauran zaɓi ukun ba daidai ba ne, sannan su ɗora masa agogo.

Sai sabo da na'ura. Ana iya gama jarrabawar da maɓallan A, B, C da D na zaɓar amsa, N na wucewa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. JAMB tana shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske ga wanda ya nuna yana so tun wajen rajista, kuma ga ɗalibin da bai saba zama gaban kwamfuta ba, can ne zai fara ganin yadda daƙiƙa 40 take gudu.