Karo-karon Gina Manhaja: Wa Ke Bin Diddigin Alƙawari?

A shekarar 2010 wasu ɗalibai huɗu na Jami'ar New York suka kai kokon bararsu Kickstarter, dandalin intanet da jama'a ke karo-karon kuɗi don ɗaukar nauyin wani aiki. Dala 10,000 suka nema domin su rubuta manhajar sada zumunta mai suna Diaspora, wadda bayanan mutane ba za su taru a hannun kamfani ɗaya ba. Lokacin kuwa jama'a na cike da haushin Facebook kan yadda yake wasa da sirrin masu amfani da shi, sai kuɗi suka yi ta kwarara har suka haura dala 200,000 daga hannun mutum sama da 6,000, cikinsu har da Mark Zuckerberg, mai Facebook ɗin kansa. A watan Satumba na shekarar suka saki rubutun manhajar kamar yadda suka ce za su yi, masana tsaro suka duba suka tarar da ɓaraka iri-iri. A watan Agusta na 2012 waɗanda suka kafa ta suka miƙa ragama ga masu aikin sa-kai, kuma su ne ke riƙe da ita tun daga nan. To, an cika alƙawari ko ba a cika ba? Wanda ya karanta abin da samarin suka rubuta zai ce an cika. Wanda ya ba da kuɗinsa saboda jaridu sun ce ga mai kashe Facebook ta zo zai ce an yaudare shi. Wannan saɓani shi ne tushen matsalar, domin yawancin masu ba da gudummawa ba su da ma'aunin da za su auna abin da aka ce da abin da aka yi.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda ake baza rubutun umarnin da aka gina ta da shi a fili, kowa na da izinin ya karanta, ya gyara, ya rarraba. Mafi yawansu kyauta ne, don haka mai rubuta su ba ya da abin sayarwa, kuma idan yana son ya bar aikin albashi ya duƙufa a kansu, dole wani ya ciyar da shi. Nan karo-karo ya shigo. A Kickstarter, wanda aka buɗe a 2009, mai aiki yakan faɗi adadin da yake nema da wa'adin tarawa. Idan ba a kai adadin ba, ba a cirar ko sisi daga hannun kowa, idan an kai kuma dandalin ya ɗauki kashi 5 cikin ɗari, masu sarrafa katin banki su ɗauki nasu, saura ya shiga hannun mai aiki. Daga nan dandalin ba ya zuwa duba aiki. Tun a 2012 kamfanin ya fito ya ce shi ba kanti ba ne, ya kuma wajabta wa masu neman kuɗi su bayyana haɗurran da ke tattare da aikinsu. Ma'ana, wanda ya ba da dala ashirin ba shi da wani jami'i da zai bi masa kadi. Abin da ya rage masa shi ne abin da aka rubuta a fili da abin da aka saki a fili, kuma a nan ne buɗaɗɗiyar manhaja ta fi sauran ayyukan karo-karo sauƙin bibiya, idan har an san abin da ake dubawa.

Abu na farko da mutane ke dubawa shi ne ranar da aka yanka, kuma shi ne mafi raunin ma'auni. Ethan Mollick na Jami'ar Pennsylvania ya yi nazarin ayyukan Kickstarter, ya wallafa a 2014 cewa sama da kashi 75 cikin ɗari na masu alƙawarin kawo wani abu sukan makara, amma zamba tsagwaronta kaɗan ce ƙwarai. Ya kuma gano cewa ayyukan da suka tara fiye da abin da suka nema sun fi yin jinkiri, abin da ke da ban mamaki sai an duba dalili: kuɗi na ƙaruwa, mai aiki na ƙara alƙawura don ya riƙe zafin gangamin, kaya na ƙara nauyi alhali mai ɗauka bai ƙaru ba. OpenShot, manhajar haɗa bidiyo da duk mai kwamfuta zai iya saukewa kyauta, misali ce mai kyau. Mai ita, Jonathan Thomas, ya nemi dala 20,000 a 2013 don ya sa ta yi aiki a Windows da Mac, ba a Linux kaɗai ba, ya samu sama da dala 45,000. Lokacin da aka ɗiba bai kai shekara guda ba, amma sigar gwaji ta OpenShot 2.0 ba ta isa hannun masu gudummawa ba sai a watan Janairu na 2016. Dalili shi ne sai da aka sake gina injin manhajar da fuskarta kusan daga tushe. Wanda ya auna da kalanda zai yanke wa mutumin nan hukuncin cin amana tun 2014, kuma da ya yi kuskure, domin yau manhajar na aiki a kan dukkan ukun. Ban da haka, dala 45,000 bayan an cire kason dandali ba ta kai albashin shekara ɗaya na ƙwararren mai rubuta manhaja a Amurka ba. Masu gudummawa sukan ga jimlar kuɗin ta yi musu yawa a ido, su manta da lissafin watanni nawa za ta ciyar da mutum.

Idan kalanda ba ta isa ba, sai wasu su koma ɗaya gefen su ce ai aikin a buɗe yake, kowa ya je ya gani da idonsa. Gaskiya ne cewa a rumbunan ajiyar rubutun manhaja irin su GitHub da GitLab ana ganin kowane gyara, da ranar da aka yi shi, da sunan wanda ya yi. Amma mai zanen da ya ba da gudummawa don a inganta masa alƙalamin zane ba ya karanta harshen C++, kuma ko da yana karantawa, yawan gyare-gyare ba ya nuna an kusa gamawa. Mutum na iya yin gyara ɗari a wata guda yana kewaye wuri ɗaya, wani kuma ya yi shiru makonni yana warware matsala mai wuya ya zo da gyara guda da ya kammala komai. Asusun ginin masallacin unguwa ma haka yake: kowa na wucewa yana ganin bulo da yashi a fili, amma sai ma'aji ya miƙe bayan sallah ya ce ga abin da ya shigo, ga abin da aka kashe, ga inda gini ya tsaya, sannan hankalin jama'a ke kwanciya. Buɗe rubutun manhaja yana hana mai aiki yin ƙarya mai daɗewa, domin wani masani zai tona shi, amma ba ya sauke masa nauyin yi wa jama'a bayani da harshen da suke ji.

Ma'aunin da ya fi inganci, a ganina, shi ne a ɗauki jerin alƙawuran kamar yadda aka rubuta su ranar neman kuɗi, a tambayi kowanne tambaya ɗaya: ya shiga sigar da aka saki wa jama'a, wadda talaka zai sauke ya yi aiki da ita, ko kuwa har yanzu yana cikin ɗakin gwaji? Krita, manhajar zane da wata gidauniya a ƙasar Holan ke kula da ita, ta nuna amfanin wannan. Ta yi gangami a Kickstarter sau uku a jere, 2014 da 2015 da 2016, kuma masu gudummawa ne ke kaɗa ƙuri'a kan ƙarin abubuwan da za a fara yi, don haka jerin a rubuce yake, kowa na riƙe da shi. Gangamin 2015, wanda ya tara sama da Yuro 30,000, ya yi alƙawarin sauri wajen zane a babban shafi da kuma kayan yin zane mai motsi, duka biyun suka fito a Krita 3.0 a watan Mayu na 2016. Na 2016 ya yi alƙawarin gyara kayan rubutu da zanen layi. Krita 4.0 ta fito a watan Maris na 2018 da sabon tsarin zanen layi, amma kayan rubutun bai kai inda aka nufa ba, kuma masu aikin da kansu suka faɗi haka. Sai a Krita 5.2, a 2023, aka saki sabon injin jera rubutu da aka sake ginawa. A tsakani, a 2017, hukumar harajin Holan ta taso gidauniyar kan wani bashin haraji na dubban Yuro, suka fito suka gaya wa jama'a dalla-dalla, jama'a kuma suka tallafa. Da wannan tarihi mutum na iya cewa wannan an gama, wancan an yi rabi, wannan kuma ya ɗauki shekara bakwai, ba tare da zagi ko kare kowa ba.

Akwai masu cewa wannan bin diddigi rashin kunya ne. Hujjarsu ita ce kyauta ka bayar, ba ciniki ka yi ba, kuma manhajar da za a yi kowa zai same ta kyauta, har wanda bai ba da ko kwabo ba. Hujjar na da ƙarfi ta fuska ɗaya: mai gudummawa bai zama ubangidan mai aiki ba, ba shi da hurumin tsara masa yini ko aika masa saƙon cin mutunci don an makara wata uku. Masu aikin nan galibi ɗaya ne ko biyu a ɗaki, dubban idanu a kansu, kuma matsin na iya karya mutum. Amma kyautar da aka karɓa da sharaɗi ta tashi daga kyauta zalla. Wanda ya ce ku ba ni kaza in yi kaza ya ɗauki amana, kuma alƙawari kaya ne. Abin da ake bin sa, idan aikin ya gagara, shi ne ya fito ya ce ya gagara, ga dalili, ga inda kuɗin suka tafi, ga abin da aka bari don wani ya ɗora. Wannan na ƙarshe buɗaɗɗiyar manhaja ce kaɗai ke iya bayarwa. Kamfanin da ya rushe da rufaffen aikinsa ya tafi da komai, amma Diaspora ta rayu bayan masu ita sun janye domin rubutun na hannun jama'a.

Ƙorafi na biyu daga masu aikin yake fitowa, cewa lokacin da za a ɓata ana rubuta rahoto gara a kashe shi a kan aikin. Joey Hess ya amsa wannan a aikace. A 2012 ya nemi dala 3,000 don ya gina mataimakin git-annex, manhajar daidaita fayiloli tsakanin kwamfutoci, ya samu sama da dala 25,000, ya shekara yana aikin. Kusan duk ranar da ya yi aiki sai ya rubuta ɗan taƙaitaccen bayani, wani lokaci layi kaɗan, na abin da ya yi da abin da ya ƙi yiwuwa. Da kuɗin suka ƙare ya sake neman tallafi a 2013, ba ta Kickstarter ba ma, jama'a suka sake ɗaukar nauyinsa. Ba kowa ne zai iya rahoton kullum ba, kuma ba a buƙatar haka. Shafi ɗaya da aka jera alƙawura, kowanne da matsayinsa da lambar sigar da ya fito a ciki, ana sabunta shi sau ɗaya a wata, bai kai aikin awa guda ba. Mai aikin da ya ce ba shi da wannan awar bayan ya karɓi kuɗin mutum dubu, ba ƙarancin lokaci ke damunsa ba.

Wani sashe na laifin yana kan masu bayarwa. Alƙawarin da ba a iya aunawa ba a iya cika shi, kuma irinsa ne ya fi jan kuɗi. Andrew Godwin ya nemi fam 2,500 a 2013 don abu guda takamaimai, ya saka wa Django, kayan gina shafukan intanet, hanyar sauya tsarin rumbun bayanai ba tare da neman wata manhaja daga waje ba. Ya samu kusan fam 18,000, abin ya fito a Django 1.7 a watan Satumba na 2014, magana ta ƙare, domin kowa na iya buɗewa ya ga yana nan ko babu. Wanda ya ce zai 'yantar da intanet kuwa ba ranar da za a ce ya gama. Saboda haka mai karatu, idan wani gangami ya ja hankalinka, kafin ka ciro katin banki ka karanta jerin abin da aka ce za a yi, ka adana kwafinsa kamar yadda yake a ranar, ka duba ko mai neman ya taɓa sakin manhajar da mutane ke amfani da ita, ka kuma tambaye shi a ina zai riƙa sanar da matsayin kowane alƙawari. Idan bai da amsar wannan tambaya ta ƙarshe, ka riƙe kuɗinka har ya samo ta.