Abin da ke wanke maiƙon balangu

Wani dare a fadarmu ta Sabon Gari muka ci balangun akuya mai kitse. Na sha ruwa kofi biyu, maiƙon na nan dafe a ganɗata. Da aka miƙo shayin farko, mai ƙarfin nan, kurɓa uku kawai na yi bakina ya washe. Abin ya tsaya mini a rai: me ke cikin ɗan kofin nan da babu shi a randa?

Zafi na fara zargi. Washegari na bi nama da ruwan zafi zalla, santsin ya ragu amma bai tafi ba. Na bar shayi ya huce sarai, ya yi aikinsa. Ba sukari ba ne kuma, domin kofi na uku, wanda ya fi zaƙi bayan ganye ya gaji, kusan ba ya taɓuka komai. Na ce to ɗaci ne. Wani dattijo mutumin Tibiri ya girgiza kai.

"Ɗana, ɗaci daban, bauri daban. Tauna goro ka ji."

Gaskiyarsa. Ɗaci a harshe yake tsayawa, bauri kuwa baki duka yake ɗaurewa.

Haske na gaba daga Fotugal ya zo mini, ta hanyar karatu, don ni addinina ya raba ni da giya. A yankin Bairrada suna noman inabin da suke kira Baga. Jar giyarsa ta yi suna wajen tsami da bauri, shi ya sa suke haɗa ta da nama mai kitse. A tsakiyar ƙasar akwai chanfana, naman tsohuwar akuya da ake dafawa da jar giya cikin baƙar tukunyar ƙasa har ya yi lugub. Baurin giyar daga ɓawon inabi da ƙwayoyinsa yake fitowa, sunan sinadarin tanin, kuma asalin kalmar daga jimar fata ne.

Jima! Nan na tuna da bagaruwa. Tun kaka da kakanni majemanmu ke daka ƴaƴanta su jiƙa, su tsoma fatar jar akuyar Maraɗi, wadda ta kai sunan garin nan har Turai. Na ɗanɗana ɓawon bagaruwa, sai ga baurin nan, ninkin-ba-ninkin. Tanin yana kama furotin ɗin fata ya ɗaure shi, fatar ta daina ruɓewa. Yawu ma akwai furotin a cikinsa, shi ke sa baki santsi. In shayi ya shiga, tanin da ke cikinsa ya kama furotin ɗin, baki ya yi kaushi. Kitse yana jan baki wajen santsi, bauri yana jan sa wajen kaushi, sai su haɗu a tsakiya. A 2012 mujallar Current Biology ta buga binciken Paul Breslin da abokan aikinsa: masu cin busasshen nama mai kitse suna kurɓar shayi tsakanin loma da loma sun fi masu kurɓar ruwa jin maiƙo ya tafi.

Yanzu a fadarmu ba a zuba kofin farko sai mai nama ya iso da takardarsa.