Tsari Hawa-Hawa: Asirin Ƙarfin Azara da Ɓawon Kawa

Sanin kowa ne cewa tsofaffin soraye na Gusau da Tsafe da Bunguɗu da azara aka rufe su, kuma takan ɗauki nauyin ƙasar rufi shekara da shekaru ba ta karye ba. Abin tambaya shi ne, daga ina ƙarfin nan yake fitowa, alhali kuwa cikin giginya taushi gare shi?

Amsar tana ga tsari. Idan aka duba azara da madubin ƙara girma, za a tarar da zarurruka sirara ƙwarai waɗanda suka naɗe hawa-hawa suka zama bangon ƙwayar itace. Ƙwayoyin suka haɗu suka zama jijiyoyi baƙaƙe, jijiyoyin kuma suka fi cunkushewa a gefen gangar giginya, watau inda lanƙwasawa ta fi tsanani. Saboda haka ne masu faskare suke sassaƙe cikin su bar gefen. Magini kuma ya ƙara nasa hawan, ya jera azara, ya shimfiɗa zana, sa'an nan ya ɗora ƙasa.

Amfanin wannan tsari shi ne tare tsaga. Abu mai gautsi, kamar gilashi, da zarar ya tsage sai tsagar ta zarce. A cikin abu mai hawa-hawa kuwa, duk inda ta isa mahaɗa sai ta karkace, ƙarfinta ya ragu. Ciyawar da ake cuɗawa cikin ƙasar tubali ma aikinta ke nan.

Misalin da masana suka fi nazari shi ne ɓawon kawar teku. Wajen kashi 95 cikin 100 nasa dangin alli ne, amma an jera shi falle-falle kamar tubalin gini, da ɗan danƙo a tsakani. A 1988 masu bincike a Ingila suka nuna cewa karya shi ya fi karya ma'adinin zalla wuya har wajen sau 3,000. A 2008 kuma wasu masana a Berkeley ta Amurka suka kwaikwayi jerin, suka haɗa tangaran da roba, suka sami abin da ya fi kowannensu jure tsaga nesa ba kusa ba.

Darasin da ke nan ga ɗalibi da ma'aikacin da ke duba kwangilar gini shi ne, tsadar kaya kaɗai ba ta ba da ƙarko. Wajibi ne a duba yadda aka cuɗa su, da yadda aka jera su, tun daga ƙaramin hawa har zuwa babba.