Yadda Kamfanin Lego Ke Cin Ribar Wasannin Kwamfuta

Kamfanin Lego na ƙasar Denmak, wanda ya shahara wajen ƙera tubalan roba masu shiga juna don wasan yara, ba shi ke tsara akasarin wasannin kwamfuta masu ɗauke da sunansa ba. Hayar sunan yake bayarwa ya karɓi kasonsa daga ciniki, ɗawainiyar aiki da kasadar asara kuwa suna wuyan wasu.

Haka aka yi da Lego Star Wars na 2005, wanda kamfanin Traveller's Tales na Ingila ya tsara lokacin da Lego ke farfaɗowa daga mummunar asarar 2003 da 2004. Wasan ya karɓu ƙwarai.

Da Lego ya zuba kuɗinsa cikin Lego Universe a 2010, masu biya suka yi ƙaranci, aka rufe shi a 2012. Abin mamaki, wasan ginin da ya fi kasuwa ba na Lego ba ne, Minecraft ne na Suwidin, wanda Microsoft ya saya kan dala miliyan 2,500 a 2014.

A 2022 Kirkbi, kamfanin iyalan da suka mallaki Lego, ya sa jarin dala miliyan 1,000 a Epic Games, aka fitar da Lego Fortnite a 2023.